Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ɗalibai Ke Gudun Dandalin Karatunmu?

Wasiƙun wannan fitowar yawancinsu daga masu koyarwa ta intanet suke, da masu gina musu dandali. Mun miƙa su ga masu tsara manhajojin ilimi, ga abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da dandalin koyar da sana'o'in kwamfuta. Mutane na tururuwa wajen rajista, amma waɗanda ke kaiwa ƙarshen kwas ba su taka kara sun karya ba. Abokin aikina ya ce mu sake fasalin shafin gaba ɗaya, sabon launi da sabon tambari. Shin wannan zai magance matsalar?
Daga wani mai dandalin koyarwa

Amsa: Wa'alaikumussalam. Malam, ku bar launi tukuna, domin ba ku san inda ɗaliban suke zubewa ba. Da farko ku sani cewa ƙarancin masu kammalawa ba ku kaɗai ya dama ba. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente sun wallafa nazari a mujallar Science a kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard da ke dandalin edX, inda suka nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai suka kammala. Da yawa leƙe ne ya kawo su. Waɗannan ba ku da yadda za ku yi da su. Waɗanda ya kamata su hana ku barci su ne masu niyyar karatu da dandalin ya gajiyar.

Ku ɗauki sabbin shiga na wata guda, ku ƙirga su a matakai biyar: nawa suka buɗe shafin rajista, nawa suka gama ta, nawa suka buɗe darasin farko, nawa suka kai ƙarshensa, nawa kuma suka dawo cikin kwana bakwai. Matakin da adadin ya fi faɗuwa, nan aikinku yake.

Idan a wajen rajista ne, duba fom ɗin. Suna, imel ko lambar waya, da kalmar sirri sun isa. Ranar haihuwa, adireshi, matakin ilimi da hoto duk su jira sai lokacin da za a buga takardar shaida. Haka dokokin kalmar sirri: tun 2017 hukumar daidaita ma'auni ta Amurka, NIST, ta ba da shawarar a daina tilasta wa mutane cakuɗa babban baƙi da lamba da alama, a daina sa su canza kalmar kowane ɗan lokaci ba dalili, a bar su su liƙa ta daga ma'ajiyarsu, a kuma ba su damar ganin abin da suke rubutawa. Tsawo ya fi cakuɗa amfani. Wani wurin zubewa shi ne saƙon tabbatarwa. An ce wa mutum ya je akwatin imel ɗinsa, saƙon ya makara ko ya faɗa cikin tarkace, shi ke nan ya shiga wata sabgar. Ku bar shi ya shiga darasi nan take, tabbatarwar ta biyo baya. Mafi kyau ma, ku bar darasin farko a buɗe ba rajista, sai wanda ya ɗanɗana ya ji daɗi ku nemi sunansa.

Idan kuwa matsalar ta rashin dawowa ce, to ku buɗe dandalin a matsayin ɗalibin da ya yi kwana huɗu bai shigo ba. Me ya fara gani? A dandamali da yawa tallan sabbin kwasa-kwasai ne, sai ya danna sau huɗu ko biyar kafin ya tarar da darasinsa, bidiyon kuma ya koma farko. Abu mafi girma a shafin farko ya zama maɓalli ɗaya mai cewa "Ci gaba daga inda ka tsaya", da sunan darasin da mintunan da suka rage a ƙarƙashinsa. Manhajar ta riƙa adana wurin da bidiyo ya kai duk daƙiƙa 10 zuwa 15, a kan sabar ba a wayar kaɗai ba, don wanda ya fara a waya ya ƙarasa a kwamfuta. Mai karatu ta intanet kullum cikin katsewa yake, ga kira, ga aiki, ga batir. Wannan gyara ɗaya ya fi sabon tambari goma.

Tambaya: Ni malama ce, ina ɗaukar darasina na awa guda a bidiyo kamar yadda nake yi a aji. Ɗalibai na kukan tsawo da cin data. Amma idan na gajarta, ai ilimin ne zai ragu. Ina mafita?
Daga wata malamar kimiyya

Amsa: Malama, ba a ce ki rage ilimin ba, yanka shi za ki yi. Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin kallo miliyan 6.9 na bidiyoyin edX a nazarinsu na 2014, suka ga cewa komai tsawon bidiyo, matsakaicin lokacin da mutane ke tsayawa a kansa bai cika wuce minti 6 ba. A lura, abin da suka auna kallo ne, ba fahimta ba, don haka kada minti 6 ya zama miki doka. Hujjar lissafin da ke buƙatar minti 11, a ba ta minti 11. Ki yanka a inda magana ta ƙare, kowane guntu da batu ɗaya da suna mai faɗin abin da ke ciki. "Yadda ake daidaita lissafin sinadarai" suna ne, "Darasi na 3, kashi na 2" ba suna ba ne, kuma ranar bitar jarrabawa ɗalibi ba zai iya nemo komai da shi ba.

Bayan kowane guntu ki sa tambaya ɗaya ko biyu. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa wanda ya yi ƙoƙarin tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya maimaita karantawa kawai. Sai dai amsar ta zo da bayani. "Ba daidai ba" kaɗai ba ta koyar da kowa. Ki faɗi dalilin kuskuren, ki sa mahaɗin da zai mayar da shi daidai daƙiƙar da kika yi bayanin.

Akwai kuskuren da malamai suka fi yi: a cika allo da rubutu, sannan a karanta shi kalma bayan kalma. Richard Mayer, wanda ya daɗe yana nazarin koyo ta hoto da sauti, ya nuna cewa idan akwai zane ana bayaninsa da murya, ƙara dogon rubutu mai maimaita muryar yana raba hankali ne. Zane da muryarki, da 'yan kalmomin da ke nuna inda za a duba, sun wadatar.

Batun data kuwa lissafi ne mai sauƙi. Bidiyo mai ingancin 720 da ke tafiya a kan megabit 2.5 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 19 a minti, wato sama da gigabait ɗaya a awa. Na 360 a kan megabit 0.7 yana cin kimanin megabait 5 a minti. Sauti zalla a kan kilobit 64 bai kai rabin megabait a minti ba. Saboda haka ki nemi mai kula da dandalin ya fitar da kowane bidiyo a mataki uku ko huɗu ta tsarin HLS ko DASH, waɗanda ke sauya inganci gwargwadon ƙarfin intanet, amma ɗalibi ya iya zaɓa da hannunsa, kuma zaɓin ya zauna. In ba haka ba, mai intanet mai ƙarfi amma data kaɗan shi zai fi kowa asara, don manhajar za ta ba shi mafi nauyi. A rubuta girman fayil kusa da maɓallin saukewa. A samar da sauti zalla da rubutaccen bayani ga darussan da ba sai an gani ba.

Kafin ki wallafa, ki kalli bidiyon a 360 a kan ƙaramar waya. Idan rubutun allonki bai karantu ba, ki ƙara girmansa ki sake ɗauka. Kuma in kuɗin kayan aiki na abu ɗaya ne, sayi makirufo kafin kyamara. Mutane na haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da murya mai amsa-kuwwa.

Tambaya: Babban abin da ke haɗa mu faɗa da ɗalibai shi ne jarrabawa. Mutum ya kusa gamawa intanet ta ɗauke, ya dawo ya tarar amsoshinsa sun tafi. Mai gina mana manhaja ya ce laifin kamfanin sadarwa ne. Haka ne?
Daga wani jami'in jarrabawa

Amsa: Ɗaukewar laifin kamfanin sadarwa ce, ɓatan amsoshin kuwa laifin manhajarku ne. Abin da ke faruwa shi ne, shafin yana riƙe duk amsoshin a ƙwaƙwalwar burauza, ba ya aika komai sai an danna "Miƙa". Duk abin da ya rufe shafin kafin nan ya tafi da su. Kuma ba intanet kaɗai ke rufe shi ba. Wayar da ba ta da ƙwaƙwalwa mai yawa takan kashe burauza da kanta idan kira ya shigo ko aka leƙa wata manhaja.

Ga abin da za ka nema a wurin mai ginin, Malam. Kowace amsa a adana ta da zarar an zaɓe ta. Amsar rubutu a adana ta daƙiƙa 2 ko 3 bayan ɗalibi ya dakata da bugawa. Adanawar ta fara a cikin na'urar, a ma'ajiyar burauza irin IndexedDB, daga nan a tura sabar. Idan turawar ta gaza, amsar ta shiga layi, a sake gwadawa bayan daƙiƙa 2, sai 4, sai 8, ana ninkawa, don kada ɗaruruwan wayoyi su danne sabar lokaci ɗaya sa'ad da intanet ta dawo. A saman shafin a sa 'yar alama mai hali uku: "An adana", "Ana adanawa", "Babu intanet, amsoshinka na nan a wayarka". Jimlar nan ta ƙarshe ita ke hana ɗalibi firgita ya sabunta shafin ko ya rufe shi.

Agogon jarrabawa a sabar yake zama, na wayar nuni ne kawai, in ba haka ba mai wayo zai mayar da agogon wayarsa baya. To amma sai ku yanke hukunci tun kafin ranar: idan intanet ta ɗauke, agogo na tsayawa ne ko yana tafiya? Minti nawa na rangwame za a ba wanda amsarsa ta makale a layi? Duk wanda kuka zaɓa, ku rubuta shi a shafin farko kafin a danna "Fara". Ku kuma duba tsawon zaman shiga. Akwai dandalin da ke fitar da mutum bayan minti 30 idan bai buɗe sabon shafi ba, alhali yana can yana rubuta doguwar amsa. Ya danna "Miƙa", sai a nuna masa shafin kalmar sirri. Zaman shiga dole ya fi jarrabawar tsawo.

Wurin miƙawa ma na da nasa tarkon. Intanet na jan ƙafa, ɗalibi ya danna sau uku, sabar ta ƙirga masa gwaji uku, ko ta karɓi na farko ta ce sauran kuskure ne. Maganinsa, kowace miƙawa ta ɗauki lambar shaida guda, sabar ta ɗauki maimaicin a matsayin abu ɗaya, maɓallin kuma ya nuna yana aiki daga dannawar farko. Kafin miƙawa a nuna jerin tambayoyin da ba a amsa ba. Bayanta a ba da shaidar karɓa mai lokaci da lamba, a allo da kuma ta saƙo. Rabin gardamar "na miƙa", "ba mu gani ba" a nan take mutuwa.

Idan ana ɗora hoton aikin hannu, a faɗi iyakar girman fayil tun kafin a zaɓa, manhajar ta matse hoton a wayar, ta tura shi gutsure-gutsure yadda in ya katse zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Wata magana da ba ka tambaya ba: dokar nan ta cewa duk wanda ya bar shafin ya yi satar amsa, a rufe masa jarrabawa. Mai satar gaske waya ta biyu yake amfani da ita. Wanda dokar ke kamawa shi ne wanda aka kira. Ku rubuta faruwar abin a rajista, malami ya duba daga baya, kada na'ura ta yanke hukunci.

Gwajinsa ba wuya. Fara jarrabawar gwaji, amsa biyar, sa wayar a yanayin jirgin sama, amsa uku, rufe burauzar gaba ɗaya, kunna intanet, sake buɗewa. Idan ba ka tarar da takwas ba, aikin bai gamu ba.

Tambaya: Mai zanen shafinmu yana son rubutu siriri mai ruwan toka, ya ce shi ne na zamani. Manyan ɗalibanmu na cewa ba sa gani. Akwai kuma wani makaho da ya nemi shiga. Akwai ma'auni, ko ra'ayi ne kawai?
Daga wata shugabar cibiyar koyar da manya

Amsa: Akwai ma'auni, Malama, kuma yana bayan ɗalibanki. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, na ƙungiyar W3C mai tsara ma'aunan yanar gizo, waɗanda bugunsu na 2.2 ya fito a 2023, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango kada ya gaza 4.5 a kan 1, manyan rubutu kuma 3 a kan 1. A kan farin bango, toka mai lamba #767676 ita ce kusan iyaka, duk wadda ta fi ta haske ta faɗi. Akwai shafukan aunawa kyauta, mai zanenku ya san su. Girman rubutun darasi kada ya gaza fiksel 16, kuma wannan ya haɗa da akwatunan fom, domin burauzar iPhone takan zuƙo shafin da kanta idan rubutun akwati bai kai haka ba, fasalin ya karkace. Layi ya ɗauki haruffa 45 zuwa 75, tazarar layuka ta zama ninki ɗaya da rabi na girman rubutun. Idan darussan da Hausa ne, a gwada salon rubutun da ƙ, ɗ da ɓ kafin a zaɓe shi. Wanda ba shi da su, burauza za ta aro daga wani salon, baƙin ya fito daban a tsakiyar kalma, ko ma ya zama akwati. Jerin Noto na Google na da su.

Maɓallai: Apple na ba da shawarar kimanin fiksel 44 a tsawo da faɗi, Google 48. A tambayar zaɓi, duk layin amsar ya zama abin dannawa, ba ɗan da'irar gefe kaɗai ba. Kada kuma launi ya zama shi kaɗai ke bambanta daidai da kuskure, don akwai mutane da yawa, galibi maza, da ba sa rarrabe ja da kore. A haɗa da alama da kalma.

Shi kuwa ɗalibinku makaho, da manhajar karanta allo zai yi aiki: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, ko NVDA a kwamfuta. Ki kunna TalkBack ki gwada shiga darasi ɗaya. Duk inda kika ji ta ce "maɓalli" ba ta faɗi na mene ne ba, an manta sa masa suna. Hotunan darasi na buƙatar bayanin abin da suke koyarwa, ba "hoto na 4" ba. Tambayar ja-ka-ajiye, wadda ake jan amsa a kan allo a ajiye ta a wurinta, ta samu wata hanyar amsawa. Takardar da aka ɗauka a hoto aka mayar PDF kuwa, a wurinsa fanko ce, sai an sake buga ta. Bidiyo ya samu rubutun magana saboda kurame, kuma mutum ya bi na na'ura ya gyara, don a kan kalmomin fannin take yawan tuntuɓe, su ne kuma darasin.

Tambaya: Muna amfani da dandalin koyarwa na Moodle. Kowane malami na zuba kayansa yadda ya ga dama, ɗalibai kullum suna tambayar ina aikin gida yake. Mu canza dandali ne?
Daga wani mai kula da sashen kwamfuta na wata kwaleji

Amsa: A'a. Za ku kwashe rikicin ne ku kai sabon wuri. Abin da kuka rasa tsari ɗaya ne da kowane kwas zai bi. Kowane mako ya zo da jeri iri ɗaya: abin da za a koya, abin kallo ko karantawa, atisaye, aikin miƙawa da ranarsa. Ku gina kwas na samfuri, kowane malami ya kwafa daga shi. Sunan kowane abu ya fara da aikin da ake so a yi, kamar "Karanta", "Kalla", "Miƙa", tare da kimanin mintunan da zai ci. Ku kashe duk akwatunan gefe da ba a amfani da su, ku kunna alamar kammalawa, ku kuma tilasta sa ranar ƙarshe a cikin saitin aikin, ba a cikin rubutun sanarwa ba, don ta haka ne take fitowa a kalandar ɗalibi. In ɗalibanku na ƙasashe daban-daban ne, lokacin ya bi agogon kowa.

Sunayen jerin zaɓi kuwa kada ku yanke su a taron ma'aikata. Rubuta abubuwa 30 zuwa 40 da ke dandalin a kan katuna, ku ba ɗalibai ɗaya bayan ɗaya su kasa su kashi-kashi, su raɗa wa kowane kashi suna. Za ku ga ba wanda ya kasa su bisa sassan ofishinku.

Tambaya: Muna tunanin ƙara maki, lambobin yabo, teburin gwanaye da saƙon tunatarwa kullum, irin na manhajar koyon harsuna ta Duolingo. Me kuka gani?
Daga wani matashi mai gina manhaja

Amsa: Ɗan'uwa, a yi hattara. Waɗannan na ƙara yawan buɗe manhaja, wanda ba lallai ya zama ƙarin koyo ba. Idan maki na zuwa ne daga buɗe darasi, za a buɗe a rufe. Ka ɗaura shi a kan abin da ke nuna fahimta. Teburin gwanaye na zaburar da 'yan saman, amma wanda ya ga kansa na 412 ka ba shi dalilin tafiya. In dole ne, a yi shi cikin ƙananan rukuni, a sabunta duk mako, a bar mai so ya fita. Ƙirgen kwanaki a jere ya dace da atisayen minti biyar, bai dace da kwas mai aikin awa biyu ba, kuma ranar da ya karye mutane da yawa ba sa dawowa. Ita kanta Duolingo ta tanadi hanyar kare ƙirgen idan mutum ya tsallake rana.

Saƙon tunatarwa mai amfani shi ne mai ɗauke da labari: malami ya duba aikinka, saura kwana biyu a rufe miƙawa, an amsa tambayarka. Dannawa ta kai shi kan abin kai tsaye. "Mun yi kewarka" ba labari ba ne. Tun daga Android 13 sai manhaja ta nemi izini kafin ta aika sanarwa, kamar yadda iPhone ta daɗe tana yi, kuma wanda ya ƙi da wuya ya koma saiti ya buɗe. Kada ka nema a buɗewar farko. Jira ya gama darasi, ka tambaye shi ranaku da lokacin da yake son a tuna masa, sannan ka nemi izinin.

Tambaya: Duk wannan na buƙatar masu bincike, mu kuma mu uku ne kacal, ba kasafi. Ta yaya za mu san abin da za mu fara gyarawa?
Daga wata mai haɗa darussa

Amsa: Mutum biyar da yini ɗaya sun ishe ku farawa. Jakob Nielsen ya yi fice da lissafin cewa gwaji da mutum biyar kan tono kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Sharaɗin shi ne su zama iri ɗaya. In kuna da ɗalibai da malamai, kowane ɓangare da nasa gwajin. Kuma zagaye uku na mutum biyar, ana gyara tsakaninsu, ya fi zagaye ɗaya na goma sha biyar.

Ki nemo waɗanda ba su taɓa ganin dandalin ba, ba 'yan ofis ba, kuma su zo da wayoyinsu. Wayar mai gina manhaja kusan kullum ta fi ta ɗalibi ƙarfi, shi ya sa ba ya ganin abin da ɗalibi ke gani. Ki rubuta ayyuka huɗu ko biyar da kalmomin da ba su ne ke kan maɓallan ba. Kada ki ce "danna Ayyukana", ki ce "malaminka ya ce akwai abin da za ka kawo ranar Alhamis, nemo shi". Ki faɗa masa dandalin ake gwadawa ba shi ba, ki roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa. Daga nan sai ki yi shiru, wanda shi ne mafi wuya. Idan ya tambaya "nan zan danna?", ki ce "me kake tsammanin zai faru?" Ɗaya na jagora, ɗaya na rubutu: ya gama ko bai gama ba, ina ya tsaya, me ya ce. Minti 30 zuwa 40 ga kowane mutum. Kada ki dogara da "ya yi kyau" da zai ce a ƙarshe, kunya ce ke sa mutane faɗin haka ko da sun sha wuya a gabanki.

In kina son adadin da za ki kwatanta daga zagaye zuwa zagaye, akwai tambayoyi goma na SUS, ma'aunin sauƙin amfani da manhaja, da John Brooke ya tsara a 1986. Makin daga 0 zuwa 100 yake, ana ɗaukar 68 a matsayin matsakaici. Da mutum biyar adadin zai yi ta rawa, don haka ki raba shi ga ɗalibai da yawa.

Sauri ma a auna shi a ranar. Ma'aunin Google na cewa babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafin ya amsa dannawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, kuma kada abubuwa su riƙa tsalle yayin lodawa. Wannan na ƙarshen ya fi muni a jarrabawa, inda hoto ya makara ya ture zaɓuɓɓuka ƙasa, yatsa ya sauka a kan amsar da ba ita ba. Maganinsa a rubuta tsawo da faɗin kowane hoto a cikin shafin don burauza ta tanadar masa wuri. Lighthouse da ke cikin Chrome na auna saurin lodawa da tsallen kyauta, kuma kayan gwajin Chrome na iya rage ƙarfin intanet da gangan don ki ga abin da mai rauninta ke gani.

Da yamma ku ukun ku zauna ku jera matsalolin. Wadda ta hana mutum gama aiki ita ce gaba, sai wadda ta ɓata masa lokaci, sai wadda kawai ba ta yi masa kyau ba. Ku ɗauki uku na sama, ku gyara cikin mako biyu, ku kira sabbin mutum biyar ku ba su ayyukan nan dai ba tare da canza ko kalma ɗaya ba.